Ruwan Kwaɓi da Tsagewar Filasta a Zuru

Idan hunturu ya kankama a Zuru, filastar da aka shafa jiya kan wayi gari da tsage-tsage kamar ƙasan tafkin da ya ƙafe. Mai gida ya zargi siminti, magini ya ɗora wa yashi laifi. Galibi kuwa ruwan kwaɓi ne ya yi ɓarnar.

Siminti, ko na Kalambaina ne da ke Sakkwato ko na Obajana, yana samun ƙarfi ne ta hanyar haɗuwa da ruwa, kuma sai a kwana na 28 injiniyoyi ke auna ƙarfin nasa. Buhu mai kilo 50 yana riƙe kusan lita 12 ne kawai a wannan haɗuwar. Lebura kuwa, don shebur ya shiga da sauƙi, yakan antaya fiye da ninkin haka. Rarar ruwan za ta ƙafe ta bar ƙananan ƙofofi, kwaɓin ya motse ya tsage. Tun 1918 Duff Abrams na Amurka ya nuna cewa yawan ruwa na rage ƙarfin kankare.

A nan sinadaran da ake ƙara wa kwaɓi ke shigowa. Ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan, domin maginan ƙasa sun daɗe suna sa makubar ɗorawa a shafe don ya jure ruwan sama. Na zamani mafi amfani su ne masu sa sulɓi da aka ƙirƙiro a Japan da Jamus a shekarun 1960. Suna warware ƙwayoyin simintin da suka dunƙule, kwaɓi ya yi laushi alhali an rage ruwansa da kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Ƙarfi ya ƙaru, ƙofofi su ragu.

Sauran kowanne da amfaninsa da illarsa. Kalsiyam kulorayid yana hanzarta kamawa, amma yana ƙara motsewa, yana kuma sa rodi tsatsa, don haka ba shi da muhalli a dekin. Masu rage motsewa suna sassauta jan da ruwa ke yi a cikin ƙofofin, sai dai sukan ɗan taɓa ƙarfi. Sukari ƙalilan yana jinkirta kamawa a zafin Afrilu. In hannu ya zarce, kwaɓin na iya yin kwanaki bai kama ba.

Mafi muni shi ne garin sabulun wanki da wasu magina ke barbaɗawa don filasta ta yi santsi. Kumfa yake cusawa, kuma kowane kashi 1 na iskar da ta maƙale yana cin kusan kashi 5 na ƙarfin kankare.

Duk cikinsu babu mai ɗauke wa magini ban ruwa. A iskar hunturun Zuru, sabon dekin yana buƙatar a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna, ana yayyafa masa ruwa safe da yamma, aƙalla kwana 7.