Jinya Bayan Tiyatar Ciwon Dajin Harshe da Cire Kaluluwar Wuya

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin ilimin furuci ya san zanen nan na kan mutum da aka tsaga gida biyu, wanda malam yake bi yana nuna tsinin harshe da ƙirjinsa da gabansa da doronsa, da kuma wuraren da kowannensu yake taɓawa, watau hanƙa da ganɗa da hanɗa. A cikin wannan zane kullum harshen cikakke ne, lafiyayye. To, amma akwai bayin Allah waɗanda likita ya yanke wa wani sashe na wannan gaɓa, wani lokaci rabi, wani lokaci fiye da haka, domin a ceci rayukansu daga ciwon daji, kuma galibi akan haɗa da tsaga wuya a kwashe kaluluwar da ke ciki. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana abin da irin wannan majinyaci yake fuskanta bayan ya farfaɗo daga tiyata, musamman wajen haɗiya da magana, domin a nan ne sanin da muke da shi game da sautukan Hausa yake da abin cewa.

Dalilin Yankan Harshe da na Wuya

Ciwon dajin harshe yawanci daga fatar nan mai laushi da ta lulluɓe shi yake somawa, kuma ya fi tsirowa a gefe, inda harshe yake gogar turamen haƙora. Da fari ba ya wuce ɗan gyambo, ko tabo fari ko ja, wanda sau da yawa ba ya ma zafi, saboda haka mai shi yakan ɗauka cizo ne, tun da tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Abin da ya raba shi da cizo shi ne ba ya warkewa. Shi ya sa likitoci suke cewa duk gyambon bakin da ya wuce mako 3 bai warke ba, a kai shi a duba. Manyan abubuwan da suke jawo cutar su ne giya da taba, ta sha ko ta ci, ko da yake takan kama wanda bai taɓa kusantar ko ɗaya daga cikinsu ba.

Likita yakan yanke ciwon tare da lafiyayyen naman da ke kewaye da shi, kimanin santimita 1 ta kowace fuska. In ramin ƙarami ne sai a ɗinke. In babba ne sai an yi faci: a yanko fata da nama tare da jijiyoyin jininsu daga hannu, sama da wuyan hannu kaɗan, ko daga cinya, a dasa a baki, a ɗinke jijiyoyin da na wuya a ƙarƙashin madubin likita. Likitocin ƙasar Sin ne suka fito da waɗannan hanyoyi biyu, ta hannu a 1981, ta cinya a 1984. Sai dai mai karatu ya lura, wannan nama cike gurbi kawai yake yi. Ba ya motsi da kansa, ba ya jin ɗanɗano. Ragowar harshen ne yake jan sa duk inda za shi.

Bahaushe ya ce baki shi kan yanka wuya, kuma ko da yake ba wannan yake nufi ba, maganar ta faɗa daidai a nan. A cikin jiki akwai wani farin ruwa da yake tsatsowa daga nama, ya bi ta wasu siraran hanyoyi ya koma cikin jini, kuma a kan waɗannan hanyoyi akwai 'yan ƙulle-ƙulle masu tace shi, waɗanda su ne in sun kumbura muke kira kaluluwa. Ruwan da ya fito daga harshe ta kaluluwar wuya yake bi, don haka nan ne zangon farko na cutar idan ta tashi yaɗuwa. George Crile, wani likita a Amurka, shi ne ya bayyana aikin kwashe su gaba ɗaya a 1906, kuma a salonsa har da babbar tsokar gefen wuya da babbar jijiyar jini da jijiyar da ke motsa kafaɗa ake cirewa. A 1963 Osvaldo Suárez na Ajantina ya nuna ana iya kwashe kaluluwar a bar waɗannan, kuma a yau haka aka fi yi in cutar ba ta kama su ba. Akan tsaga wuyan ko da ba a ji kumburi ba. Wani bincike na asibitin Tata da ke Mumbai a Indiya, wanda aka buga a 2015, ya nuna cewa cikin masu ƙaramin ciwon dajin baki, kashi 80 cikin ɗari na waɗanda aka cire wa kaluluwa tun da fari suna raye bayan shekara 3, alhali waɗanda aka jira sai kumburi ya bayyana kashi 67.5 ne.

Makonnin Farko

Wanda aka yi wa babban aiki yakan farka ya tarar ba ya iya magana sam. Harshe ya kumbura, an huda masa maƙogwaro an sa ɗan bututu don ya yi numfashi, an zura wata roba ta hanci zuwa ciki wadda ta nan ake ba shi abinci, ga kuma wasu robobi a wuya suna tsotse jini da ruwa. Duk waɗannan na 'yan kwanaki ne, kuma ya kamata a faɗa masa haka tun kafin a shiga da shi, a kuma shirya masa takarda da alƙalami. Wanda ba ya rubutu, da boko ko da ajami, sai a yi yarjejeniya da shi a kan wasu alamu na hannu. A kwana biyu ko ukun farko ma'aikatan jinya sukan duba facin kusan kowace sa'a, domin in jini ya daina shigarsa naman mutuwa zai yi, sai an koma ɗakin tiyata da gaggawa. Zaman asibiti yakan kai mako ɗaya zuwa biyu.

Haɗiya ita ce jarrabawar farko. Mai lafiya bai san cewa harshe ne yake tattara loma, ya dunƙule ta, ya tura ta baya ba, sai ran da ya rasa. Abin mamaki, tsurar ruwa ya fi kunu wuyar sha ga mutane da yawa, saboda yana gudu ya faɗa maƙogwaro kafin a ankara, mutum ya sarƙe, kuma abin da ya sauka huhu yana iya zama ciwon huhu. Don haka akan fara da abu mai ɗan kauri, a sa shi a gefen da ke da lafiya, a karkata kai zuwa can. A nan abincinmu ya yi rana: kunun gyaɗa, da fura da nono da aka dama aka tace, da alala mai laushi, da miyar kuka ko kuɓewa wadda yauƙinta yake raka loma. Yaji da ƙuli-ƙuli da kilishi kuwa sai a yi haƙuri da su tukuna. Masu jinya su riƙa auna nauyinsa, domin rama tana hana rauni warkewa.

Wuyan kuma da nasa sha'anin. Fatar wuya da kunne takan mutu, mutum ya taɓa ya ji kamar ba jikinsa ba, kuma wannan yakan ɗauki watanni. Leɓen ƙasa yakan karkace idan an taɓa jijiyar da ke bin ƙarƙashin muƙamuƙi. Abin da ya fi damun mutane shi ne kafaɗa, wadda takan yi nauyi ta zube, hannu ya ƙi ɗaguwa sama da kai, ko da ba a yanke jijiyarta ba, ja kawai aka yi. Maganinsa motsa kafaɗa da wuya kullum bisa koyarwar masu gyaran gaɓoɓi na asibiti, domin kafaɗar da aka bari ta huta sandarewa take yi. Har ila yau, tun da an kwashe matatun farin ruwan nan, yakan taru a ƙarƙashin haɓa, ya fi yawa da safe. Ɗaga matashi da tausa ta musamman suna rage shi.

Idan binciken naman da aka cire ya nuna cutar ta shiga kaluluwa ko ta yi zurfi, akan bi da abin da ake kira gashi, watau ƙona wurin da wani haske mai ƙarfi, kwana biyar a mako har kimanin mako 6, kuma an fi so a fara cikin mako 6 da yin tiyata. Gashi yakan mayar da hannun agogo baya: baki ya saluɓe, yawu ya ƙafe, ɗanɗano ya gushe, muƙamuƙi ya ɗaure har mutum ya kasa cusa yatsu uku a tsaye tsakanin haƙoransa. Lalle ne likitan haƙori ya duba bakin kafin a fara, saboda cire haƙori daga ƙashin da aka gasa yana iya barin raunin da ba ya warkewa.

Furuci

Yanzu sai mu koma kan zanenmu. Harshe tsoka ce zalla, kuma gwargwadon abin da ya rage yana motsi, gwargwadon abin da zai dawo na magana. Wanda aka yanke wa ɗan gefe, cikin makonni kaɗan yakan koma magana, sai ɗan tsamin baki. Wanda ya rasa tsinin harshe kuwa, ko tabo ya ɗaure masa shi a ƙasan baki, ya shiga wahala mai yawa, domin a nan Hausa ta tara baƙaƙenta. Dubi jerin bahanƙe: t, d, s, z, ts, n, l da ra-gare, ƙara da ɗ da ra-kaɗe na naɗe-harshe, ƙara da sh da c da j na bayan hanƙa. Duk waɗannan sai gaban bakin harshe ya tashi. Idan bai tashi ba, taki da ɗaki da zaki sai su nemi zama kalma ɗaya, haka sara da tsara. Bambancin bara mai hidima da bara na almajiri, wanda ra-kaɗe da ra-gare kaɗai suka riƙe, yana cikin na farkon ɓacewa, tun da babu sautin da yake bukatar sakakken tsini kamar ra-gare.

Idan kuwa doron harshe aka taɓa, to k da g da ƙ ne za su raunana, kara da gara da ƙara su cakuɗe, kuma irin wannan majinyaci haɗiyarsa ta fi ta wancan wahala. A ganina tunkuɗau, watau ƙ da ts, sun cancanci kulawa ta daban. Kafin a furta su sai an tsare iska tsakanin rufaffen maƙwallato da harshe, sa'an nan maƙwallato ya yi sama ya matse ta. In harshe bai toshe da kyau ba iskar za ta zurare, in kuma tabo da gashi sun sandarar da wuya maƙwallato ba zai tashi yadda ya kamata ba. Ke nan aikin harshe da na wuya duka biyu sun haɗu a kan waɗannan baƙaƙe.

Amma ba duka aka rasa ba. Baleɓe, watau b da ɓ da m da f, suna nan, haka h da hamza. Wasalin a ba ya neman komai sai buɗe baki, o da u kuma leɓe yana tallafa musu. I da e ne suke shan wuya. Abin da ya fi waɗannan muhimmanci shi ne karin sauti da tsawon wasali. Karin sauti a tantanin maƙwallato ake yin sa, wanda wuƙar likita ba ta kai gare shi ba a wannan aiki, saboda haka mai rabin harshe yana iya raba wuya ta wahala da wuya na jiki, ko kuka na hawaye da kuka ta miya, kamar kowa. Kalangu ma da kari da tsawo kaɗai yake kiran sunan mutum a gane. Idan majinyaci ya rage sauri, ya cika wasulansa, ya fito da karin kowace gaɓa, mai sauraro yana cike sauran da kansa.

Masu koyar da magana a asibiti sukan koya wa mutum dabarun maye gurbi. Alal misali, yana iya kai leɓen ƙasa bayan haƙoran sama ya fitar da wani abu mai kama da t ko d. Akwai kuma wata roba da likitan haƙori yake ƙerawa a manna a ganɗa, ta sauko da rufin baki inda guntun harshe zai iya taɓa shi. Sai dai jerin kalmomin gwaji da aka tsara don Ingilishi ba zai auna Bahaushe daidai ba, tun da babu ɗ ko ƙ ko ts a ciki, babu ra biyu, babu kari. Tsara jerin kalmomi masu bambancin baƙi ɗaya, a jera su daga baleɓe zuwa bahanƙe zuwa bahanɗe, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, aiki ne da ɗalibin wannan sashe zai iya yi tare da likita, kuma ya isa kundin digiri.

Ragowar aikin na mutanen gida ne. Mai irin wannan lalura yakan daina fita zaure, ya daina ɗaga waya, ya ƙi cin abinci cikin mutane saboda dalalar yawu, kuma harshen da ba a motsa shi ƙara ɗaurewa yake yi. Kada a riƙa ƙarasa masa magana, kada kuma a gyaɗa kai alhali ba a gane ba; a maimaita abin da aka ji, a bar shi ya gyara sauran. Yawancin sauƙin da za a samu cikin shekarar farko yake zuwa. Komawa asibiti kuwa ba ta yankewa: kowane wata ɗaya zuwa uku a shekarar farko, sa'an nan a riƙa tsawaitawa har shekara 5, domin cutar in za ta dawo ta fi dawowa cikin shekara biyun farko. Sabon gyambo, ko ƙullutu a wuya, ko ciwon kunne a gefen da aka yi aikin, ba a jiran ranar da likita ya sa kafin a kai masa su.