Tabla: Gangar da Ake Fara Koyo da Baki

Da yawa daga cikinmu mun saba jin wani kiɗa a finafinan Indiya mai kama da ɗigar ruwa cikin tulu, amma ba mu san sunan abin da ake kaɗawa ba. Sunansa tabla. Ganguna biyu ne da makaɗi yakan ajiye a gabansa yana zaune a ƙasa, ya kaɗa su da yatsu da tafin hannu. Ta dama ƙarama ce, ta itace, ana kiranta dayan. Ta hagu mai faɗi ce, galibi ta ƙarfe, sunanta bayan. Kada sunayen su ruɗe mu: sun yi kama da Hausa ne kawai, ma'anarsu dama da hagu. A kan fatar kowacce akwai baƙin tabo na garin ƙarfe da aka kwaɓa da sitaci, shi ne ke sa muryar ta fita tangaran.

A kiɗan gargajiya na arewacin Indiya, kowane bugu yana da sunansa: dha, dhin, na, tin da sauransu. Malami yakan faɗi jerin sunayen, almajiri ya maimaita yana tafi har ya haddace, sa'an nan hannu ya bi abin da baki ya faɗa. Mu da muka san yadda kalangu ke kwaikwayon magana, wannan ba zai zama mana baƙon abu ba.

To, mene ne amfanin wannan wahala? Kiɗan nan yana tafiya ne a zagaye, ana kiran zagayen tal. Wanda aka fi sani shi ne tintal, mai bugu 16 da aka raba gida huɗu. Akwai mai 10, akwai mai 7. Bugu na farko sunansa sam. Mawaƙi ko mai kaɗa sitar yana iya yin nisa, yana ƙago sabon abu nan take, amma dole kowa ya dawo kan sam a lokaci guda. Mai tabla ne ke riƙe masa hanyar dawowa. In ya ɓata ƙidaya da bugu ɗaya tak, ya jefa abokinsa cikin kunya a gaban jama'ar da su ma suke ƙidayawa da yatsunsu.

Ga misali, musamman ga ɗalibanmu masu cewa lissafi ba shi da amfani a waje da aji. Akwai salon rufe kiɗa da ake kira tihai, wato a maimaita jimla ɗaya sau uku, bugun ƙarshe ya faɗa kan sam. Idan jimlar mai bugu 5 ce, sau 3 ya zama 15. Ke nan a tintal sai makaɗi ya fara daga bugu na 3. Yana yin wannan lissafi ne hannunsa na aiki, kunnensa kuma na wurin abokin wasansa. A ganinmu babbar ribar ke nan: mutum ya iya riƙe nasa aikin daidai alhali yana sauraron wani.

Ba a samun wannan cikin zango ɗaya na karatu. Shekaru ake yi a gaban malami, akwai ma gidajen koyo guda shida da aka sani, kamar na Delhi da Banaras da Punjab, kowanne da salonsa. Daga gidan Punjab ne Alla Rakha ya fito, wanda ya yi wasa da Ravi Shankar a bikin Woodstock na Amurka a 1969. Ɗansa Zakir Hussain, wanda aka haifa a 1951 ya rasu a 2024, ya sha ba da labari cewa yana jariri sabon haihuwa mahaifinsa ya ɗauke shi, ya raɗa masa sunayen bugun tabla a kunne.