Ko Kun Sani? Tazarar da ke cikin distirbuta

A cikin distirbutar tsofaffin motocin Toyota da yawa akwai wani ƙarfe mai haƙora da ke juyawa a gaban na'urar maganaɗisu. Duk haƙorin da ya gifta, sai wuta ta tafi fulogi. Tazarar da ke tsakanin haƙorin da na'urar milimita 0.2 zuwa 0.4 ce kacal, wato kaurin fallen takarda biyu zuwa huɗu. In ta yi faɗi, sigina ya raunana, mota ta yi ta gardamar tashi. In ta matse, haƙori ya gogi na'urar.

Makanikin da ya san hannunsa da ma'aunin tagulla yake awon. Na baƙin ƙarfe, maganaɗisun kan cafke shi, hannu ya ji tauri, a ɗauka awo ya yi daidai alhali da saura.