Direban Lori da Barci: Awa Nawa Ya Kamata Ya Yi Tuƙi?

Jama'a, yau zancenmu a kan direbobin manyan motoci ne. Da wuya a sami ƙauye a ƙasar Dambatta ko Bichi wanda ba shi da ɗa a wannan sana'a. Su kuwa iri biyu ne. Akwai mai dogon zango, wanda zai ɗauki hatsi a kasuwar Dawanau ya kai Ikko, tafiyar kusan kilomita 1,000. Akwai kuma mai gajeren zango, wanda ba ya fita jiha, daga kasuwa sai kasuwa.

A Amurka doka ta raba su. Wanda ke ƙetare jiha yana bin dokar gwamnatin tarayya: sai ya huta awa 10, sa'an nan ya yi tuƙin da bai wuce awa 11 ba, cikin awa 14 daga fara aikinsa. Wanda ke aiki a cikin jiha ɗaya kuwa, dokar jiharsa yake bi. Jihar Texas ta yarda masa awa 12 bayan hutun awa 8. A nan ƙasarmu, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kowane direba ya tsaya ya huta minti 15 bayan tuƙin awa 4.

To, amma ku lura, barci bai san iyakar jiha ba. Jiki ba nisan hanya yake ƙirgawa ba, awoyin da mutum ya yi ido biyu yake ƙirgawa. Likitoci sun gwada, sun ga wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa da hannunsa sukan yi nauyi kamar na wanda ya sha giya. Saboda haka mai gajeren zango da ya tashi da asuba, ya yi jiran lodi a rana, ya yi sawu uku, kada ya ce shi gida-gida yake yi.

Barci ya fi kama direba daga tsakar dare zuwa asuba, da kuma bayan azahar. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa, in direba ya yi gyangyaɗi na daƙiƙa 4 kurum, ta ci kusan mita 90 ba mai tuƙi.

Ga alamu: yawan hamma, nauyin ido, da mantuwar garin da aka wuce yanzu. In ka ji su, ka faka a gefen hanya ka kwanta. Goro da shayi jinkirta barci suke yi, ba su biyan bashinsa. Ƙwayoyi irin su tramadol kuwa ƙara haɗari suke yi. Kai mai mota, kada ka matsa wa direbanka. Kai fasinja, in ka ga yana gyangyaɗi, yi magana. Wanda kuma ke yawan minshari, yana barci da rana ko ya kwana sosai, ya zo ya ga malamin asibiti.

Tafiya sannu sannu kwana nesa. Allah ya kiyaye hanya.