Sabon Irin Wake Daga Samaru

Duk wanda ya saba ganin buhunan waken Arewa da fatake ke saukewa a Agege da Abule Egba, ya dace ya san cewa a shekarar 2019 hukuma ta halatta noman wani iri, SAMPEA 20-T, wanda masanan Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, suka samar. Hikimarsa ita ce an dasa masa ƙwayar halittar wata bakteriyar cikin ƙasa mai halaka tsutsar da ke huda kwanson wake, har manomin da a da yake feshi sau shida ko takwas ya wadatu da biyu. Amma fa kariyar iyakarta gona, domin ƙwaron da ke cin wake cikin buhu a shago, wannan ilmi bai shafe shi ba.