Batirin salula da zafin bazara

Ranar kasuwa ba a rasa rumfar mai cajin waya. Yana da faifan hasken rana bisa rumfa, ko ƙaramin inji yana ruri a gefe. Wayoyi na jere bisa tebur, kowace da igiyarta. Manomi ya kawo tasa, makiyayi ya kawo tasa. Da wayar nan ake jin labarin ɗa da ya tafi ci-rani. Da ita ake sanin kuɗin gero a Maraɗi. Da ita ake kiran mota in naƙuda ta kama mace da dare.

Amma sau da yawa ana jin mai waya yana kuka. Bara caji ɗaya yana kai masa kwana 2, bana ko azahar ba ya kaiwa. Wayar lafiyarta lau, batirinta ne ya tsufa tun lokacinsa bai yi ba.

Mi ke cikin batiri?

Batirin tocila, in ya ƙare, sai a yar. Na salula kuwa ana sake cika shi. Cikinsa akwai ɓangare 2, kamar ɗaki biyu da siririn shamaki tsakaninsu. Ɗaki ɗaya an yi shi da garafit, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir. Ɗayan an yi shi da haɗin wani ƙarfe da ake kira kobal. Tsakanin ɗakunan nan, ƴan ƙwayoyin wani ƙarfe marar nauyi suna kai da komowa. Sunansa litiyom. Ido ba ya ganin ƙwayoyin.

In an sa waya caji, ƙwayoyin litiyom suna ƙaura zuwa ɗakin garafit. In ana aiki da wayar, sai su koma ɗakin kobal. Komawar nan tasu ita ke ba waya wuta.

Kamfanin Sony na ƙasar Japan ne ya fara sayar da irin wannan batiri a shekarar 1991. A 2019, masana 3 da suka yi aikin ƙago shi suka samu kyautar Nobel: John Goodenough, da Stanley Whittingham, da Akira Yoshino. Ana haƙo litiyom da yawa a Ostareliya da Cili. Mafi yawan kobal kuma daga Kwango-Kinshasa yake fitowa.

Don mi batiri ke tsufa?

Kowa ya san tabki. Kowace damina ruwa yana kawo laka, ta kwanta a ƙasa. Shekara bisa shekara tabkin yana cikewa, ruwan da yake riƙewa yana raguwa. Haka batiri yake. Duk zuwa da komowa, waɗansu ƙwayoyin litiyom suna maƙalewa, su yi ɓawo bisa garafit. Waɗanda suka maƙale ba su sake yin aiki.

Ana ƙirga aikin batiri da zagaye. Zagaye ɗaya shi ne a ci kashi 100 na caji. Wanda ya ci kashi 50 yau, ya cika, ya ci kashi 50 gobe, zagaye ɗaya ya yi. Batirin wayoyi da yawa, bayan zagaye kamar 500, abin da yake iya riƙewa bai wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa na fari ba.

Ba a hana tsufan nan. Amma akwai abubuwan da ke gaggauta shi, kuma babbansu zafi ne.

Zafi

Masu ƙera wayoyi sun ce a yi aiki da su a wurin da zafi bai wuce digiri 35 ba. A Tawa, da Damagaram, da Yamai, cikin watannin Afirilu da Mayu, zafi yana wuce digiri 40 ko a inuwa. Cikin motar da aka rufe a rana kuwa, ya fi haka ƙwarai.

Zafi yana sa ɓawon nan ya yi kauri da sauri. Ƙarfin da zafi ya ci ba ya dawowa. Sanyi dabam yake. Da sanyin safiya na hunturu batiri yakan yi rauni, amma in ya ji ɗumi sai ya farfaɗo.

Caji ma kansa yana ɗumama batiri. Wayar da ke caji cikin rana, zafi biyu ke cinta. Saboda haka faifan hasken rana shi kaɗai ake bari a rana, waya kuwa a sa ta inuwa. In akwai hali, a yi caji da safe ko da dare. A tuɓe mata riga in ta ɗauki zafi. Kada a tura ta ƙarƙashin matashi, kada a aza ta bisa rufin kwano ko gaban mota. Kallon fim ko wasa lokacin caji yana ƙara mata wahala. In ta yi zafi har hannu ya ji, a cire igiya, a bar ta ta huce da kanta. Ba a sa ta firiji, don raɓa tana iya shiga cikinta.

Cika da ƙarewa

Waɗansu suna cewa sai batiri ya mutu ƙurmus kafin a cika shi. Wannan shawarar batiran da ce, waɗanda aka yi da nikel da kadmiyom. Batirin litiyom ba ya son ƙarewa sarai, ba ya kuma son daɗewa cike maƙil, balle cikin zafi. Ya fi jin daɗi tsakanin kashi 20 da kashi 80. Sababbin wayoyi da yawa suna da wurin da ake taɓawa, caji ya tsaya da kansa wajen kashi 80.

To, mutumin ƙauye da ba ya samun caji sai ranar kasuwa fa? Shi dole ya cika wayarsa har 100, kuma ba laifi. Abin da zai kiyaye shi ne zafi. Ya kuma kashe wayar kafin ta mutu da kanta. Wanda zai ajiye waya wata da watanni, ya bar mata rabin caji, ya kashe ta, ya sa ta wuri mai sanyi.

Tattalin caji ma yana rage zagaye. Hasken fuskar waya yana cin wuta da yawa, sai a rage shi. A rufe intanet in ba a bukatarsa. Inda rezo ba ya da ƙarfi, waya tana ta faman nemansa, batiri yana zuba. A irin wurin nan gara a kashe ta, sai lokacin kira.

Batirin da ya kumbura

Caja ta jabu tana da araha, amma takan ba da wutar da ba daidai ba. Gara a nemi ta ƙwarai. In bayan waya ya ɗaga, ko fuskarta ta taso, batiri ne ya kumbura. A daina caji nan take, a kai ta wurin mai gyara. Ba a huda shi, ba a danne shi, ba a jefa shi wuta ko juji inda yara ke wasa, domin yana iya kamawa da wuta. A 2016 kamfanin Samsung ya janye wayoyinsa Galaxy Note 7 daga kasuwa, saboda batiransu suna kamawa da wuta.

Abin riƙewa

Batirin salula yana tsufa kaɗan-kaɗan, amma zafi yana gaggauta tsufansa. Inuwa, da caja ta ƙwarai, da caji kafin ya ƙare sarai, su ke ƙara masa kwana. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mi ke kai da komowa cikin batirin salula?
2. Ta yaya batiri ya yi kama da tabki?
3. Don mi ba a barin waya kusa da faifan hasken rana?
4. Wani mutum yana cin zagaye ɗaya kowace rana. Shekara nawa da kwana nawa zai yi kafin ya kai zagaye 500?