WASAN KWAIKWAYON DA BA SHI DA 'YAN KALLO: TA INA BAƘO ZAI FARA?

Duk malamin da ya taɓa shirya wasan kwaikwayo a makaranta ya san yadda abin ya ke. A rubuta magana, yara su haddace, a kafa dandali, a gayyato iyaye da manyan gari su zauna su yi kallo, in an gama a tafa a watse. To, akwai wani irin wasa da ya yaɗu a Turai da Amurka tun wajen 1977, wanda ya bar wannan tsari duka. Ba dandali, ba kujeru, ba takardar da za a haddace, ba kuma ɗan kallo ko guda. Duk wanda ka gani a wurin yana cikin wasan. Mutum talatin, ko ɗari, ko dubu, su taru a wani daji ko wani tsohon gidan sarauta, kowa ya sa tufafin wani mutum dabam, ya ɗauki sunansa da halinsa, su kwana biyu ko uku cikin labari guda, ba kuwa wanda ya san inda labarin zai ƙare. Sunan wasan da Turanci yana da tsawo, don haka masu yinsa suka taƙaita shi da haruffa huɗu, L.A.R.P., a baki kuma su ce "laf".

Wanda ya tashi a ƙauye ya ga kalankuwa ba zai sha wuyar gane kan abin ba. Bayan kaka samari kan naɗa wa junansu sarauta, wannan sarki, wannan alƙali, wancan ɗan doka, a kawo ƙara a yanke hukunci, kowa ya san wasa ne amma ba mai tona asiri. Abin da na Turawa ya ƙara shi ne dokoki a rubuce, da masu shiryawa, da kuɗin shiga.

Asalinsa ba shi da nisa. A 1974 waɗansu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wani wasa mai suna Dungeons & Dragons, wanda a ke yi a zaune a kan tebur: mutum ɗaya yana ba da labari, sauran kowa yana faɗin abin da jaruminsa zai yi, ana jefa 'yan ƙwayoyi masu lamba irin na ludo don a ga wa ya yi nasara. Ba a daɗe ba sai matasa suka ga zaman ya ishe su. A 1977 aka kafa ƙungiyar Dagorhir kusa da birnin Washinton, suna gwabza yaƙi a fili da takubban soso. A 1982 kuma aka buɗe wani wasa mai suna Treasure Trap a tsohon ginin nan na Peckforton a lardin Cheshire na Ingila, inda mutum kan biya kuɗi ya shiga lungunan gidan yana karo da dodanni, alhali dodannin nan mutane ne 'yan'uwansa da suka rufe fuska. Wasannin Ingila da yawa daga nan suka samo tushe.

Abu na fari da ya kamata mai son farawa ya sani shi ne wasan ba iri ɗaya ba ne, kuma yawancin waɗanda suka je sau ɗaya ba su koma ba, kuskuren zaɓe suka yi. Akwai na yaƙi, irin wanda a ke yi kowace shekara a Brokeloh ta ƙasar Jamus, inda dubban mutane kan kafa tantuna su yi sansani kamar na mayaƙan dā. Akwai na ƙulle-ƙulle da siyasa, wanda a ke yi cikin zaure da dare, ba mai taɓa wani. A irin wanda aka fitar a 1993 da sunan Mind's Eye Theatre, in mutum biyu sun yi jayayya sai su raba gardama da wasan hannu na dutse da takarda da almakashi. Akwai kuma na mutanen arewacin Turai, watau Norwe da Suwidin da Danmak da Finlan, waɗanda tun 1997, da suka fara haɗuwa a Oslo, su ke taron shekara-shekara suna tattauna yadda za a kyautata wasan. Su ba su cika damuwa da takobi ba. Sukan shirya labarin gidan kurkuku, ko na 'yan gudun hijira, ko na iyalin da ke rabon gado, don mutum ya ɗanɗana abin da ke cikin zuciyar wani. Wanda ya tafi neman gudu da ihu ya faɗa cikin irin wannan, lalle zai ƙosa. Haka kuma mai son zance da shawara in ya sami kansa a filin daga. Kowane wasa yana da takardar bayani da masu shi ke sawa a intanet, kuma karanta ta tun daga farko har ƙarshe shi ne aikin fari, ko da ta yi tsawo.

To, sai babbar tambaya: da me za a shiga?

Baƙo yakan ɗauka sai ya tanadi sulke da kwalkwali da takobi mai tsada kafin ya isa ya leƙa. A ganina wannan shi ne ɓarnar kuɗi mafi yawa da sababbi ke yi. Akwai ƙofa mai sauƙi wadda tsofaffin hannu ke nuna wa kowa, ita ce mutum ya je a matsayin ɗan aikin masu shiryawa. Ko wane wasa yana bukatar waɗanda za su zama 'yan fashi, da fatake, da manzon sarki, da dodon da za a kashe. Mutanen Ingila ma aikin dodo su ke kiran wannan hidima. Sau da yawa ba a karɓar kuɗin shiga daga irin waɗannan, ko kuwa a rage musu, kuma a kan ara musu tufafi da makami, a gaya musu abin da za su yi da inda za su tsaya. Mutum ya fita da safe yana ɗan fashi a kashe shi, ya koma ya sake riga ya fito yana mai sayar da magani, da la'asar kuma ga shi cikin rundunar abokan gāba. Kafin rana ta faɗi ya mutu sau biyar, ya koyi dokokin faɗa, ya san fuskoki, bai kuwa yi asarar kome ba. An ce baƙo ko da ido makaho ne. Wannan hanya ita ce ɗan jagoransa.

In lokaci ya yi da zai ƙago nasa mutumin, a nan ne kuskure na biyu ke jiransa. Kusan kowane sabo yana so ya zama ɗan sarkin da aka kore daga gadon ubansa, ko jarumin da ba ya magana da kowa, yana zaune a gefe ya lulluɓe fuska yana jiran a zo a tambaye shi sirrinsa. Ba mai zuwa. Tun da ba 'yan kallo, kowa yana can yana fama da nasa labarin, mai shiru kuwa sai ya wuni shi kaɗai ya koma gida ya ce wasan ba daɗi. Abin da ya fi shi ne ƙaramin mutum mai bukata a hannun jama'a. A ce ga wani falke da aka ba shi wasiƙa ya kai wa wanda bai taɓa gani ba, ga kuma bashi a kansa wanda dole ya biya kafin gobe da dare. Wannan ba shi da damar zama. Tilas ya tare mutane ya yi tambaya, ya roƙi rance, ya yi ƙarya in ta kama, kuma duk wanda ya tare ya ba shi abin yi ke nan. A ba shi suna mai sauƙin faɗi, domin suna mai wuya ba mai riƙe shi. A sa masa kuma wani aibi guda, ko tsoro, ko kwaɗayi, ko saurin yarda, gama mutumin da ba shi da aibi ba ya shiga uku, wanda bai shiga uku ba kuwa ba shi da labari.

Akawuna ma kada su ce ba su da rabo. A wasan nan mai suna Empire, wanda a ke yi a Ingila tun 2013, akwai majalisa, da zaɓe, da kuɗin wasa da a ke ciniki da su. A irin wannan wuri mai iya riƙe littafin lissafi da rubuta abin da aka zartar a taro ya fi mai takobi wuyar samu. Wanda ya zo da alƙalami da takarda ya ce wa wata ƙungiya, "Ko kuna bukatar magatakarda?" da wuya ya kwana bai sami iyayen gida ba.

Batun tufafi ba ya bukatar dogon bayani. Riga marar rubutu, da ɗamara, da jaka ta yadi ko ta fata sun isa farawa, a ɓoye agogo da wayar hannu. Inda ya kamata a kashe kuɗi shi ne takalmi mai ƙarfi da abin sanyi, don filayen Ingila da Jamus in ruwa ya sauka taɓo ne zalla, kuma dare yana da sanyi ko da bazara ce.

Amma makami kam sai an yi hattara. Kada a saya sai an ga dokar wasan da za a je, domin abin da wani wuri ya yarda da shi wani ya hana. Takobin da aka fi amfani da shi a Turai soso ne da aka shafe da roba, a cikinsa akwai siririyar sanda mai tauri da ke riƙe shi. Saboda wannan sanda ne a ke hana suka da tsininsa: in soson bakin ya yage, ita ce za ta shiga jikin mutum. Kafin a fara wasa akwai masu duba makamai, suna latsa kowane ɗaya, wanda suka ƙi kuwa ya koma jaka, ko nawa aka saye shi. Sara kuma ba da ƙarfi a ke yi ba. Mutum zai kai hannu kamar da gaske, sa'an nan ya janye ƙarfinsa gab da taɓawa, yadda abokin karawarsa zai ji taɓin amma ba zai ji zafi ba. Wurare da yawa sun hana dukan kai ɗungum.

Wani abin da ya kan ba baƙo mamaki shi ne ba alƙali a kan kowane sara. A ce dokar wasa ta ba ka rai uku. Kai ne za ka ƙidaya da kanka, in an taɓa ka sau uku ka faɗi. Ba mai iya tilasta maka. Wasan duka a kan amana ya ke tsaye, kuma jama'ar kowane wasa ba su da yawan da za a ɓace a cikinsu. Wanda aka lura ba ya ƙidayar saran da aka yi masa, ba a jima sai sunansa ya zaga, mutane su daina neman karawa da shi. Wanda ya iya faɗuwa da kyau kuwa, ya yi nishi ya bar wasiyya, shi a ke tunawa. Mutanen arewacin Turai har koyar da sababbi su ke yi cewa su riƙa neman faɗuwar mutumin da su ke kwaikwayo da gangan, su bar asirinsa ya tonu, don ta nan labari ke yin armashi.

Kalmomin tsayar da wasa su ne abin da ba a yarda kowa ya jahilta ba. A Ingila in wani ya ji ciwo na gaske, akwai kiran da a ke yi mai ma'anar "mutum ya faɗi", da jin sa kowa zai tsaya cik inda ya ke har masu magani su iso; saboda haka ba a furta shi don raunin wasa. A arewacin Turai kalma biyu su ke da su, ɗaya ma'anarta "yanke", watau a tsaya gaba ɗaya, ɗayar kuma "birki", watau a ci gaba amma a sassauta. Wanda ya faɗi ɗaya daga cikinsu ba a tambayarsa dalili. Sabo ya kan ji kunyar amfani da su, yana tsoron kada a ce ya ɓata wa mutane wasa. Ya cire wannan daga ransa, gama don shi aka ajiye su.

Saura abu guda wanda ba a cika gaya wa baƙo ba sai ya same shi. Zuciya ba ta tuɓe riga da sauri kamar jiki. Mutumin da ya ci amanarka a cikin wasa ran Asabar, kana iya tashi ran Litinin kana jin haushinsa, ko da ya ke ka san bai yi maka kome ba. Masu wasan sun san wannan sarai, har suna da suna da su ke kiransa, mai ma'anar tsiyaya, kamar yadda rini ke tsiyaya daga wani yadi ya kama wani. Maganin da suka samo shi ne in an tashi, kafin kowa ya kama hanya, a zauna a faɗi abin da ya faru da sunayen gaskiya, kuma kowa ya nemi wanda ya fi ƙuntata wa ya gaishe shi.

Malaman makaranta za su so su ji cewa a garin Hobro na ƙasar Danmak akwai makarantar kwana mai suna Østerskov, wadda aka buɗe a 2006, inda a ke koyar da matasa 'yan wajen shekara 15 da 16 darussansu ta wannan hanya. A kan ɗauki labari guda a yi mako ana cikinsa, lissafi da tarihi da harshe duk su shigo ta cikin matsalolin da labarin ya kawo. Malamin da ke son gwadawa ba sai ya je Danmak ba, ba kuma sai da takobi ba. Aji guda da awa ɗaya sun isa. Ya yanka 'yan katuna daidai yawan yara, a kowane kati ya rubuta suna, da sana'a, da abin da mai katin ke nema, da wani sirri da ba ya so a sani. Ya tabbata abin da wannan ke nema yana hannun wancan, wancan kuma ba ya son rabuwa da shi. Ya gaya musu kalmar tsayawa, ya sa su maimaita ta sau biyu. Sa'an nan ya ce kasuwa ta ci, ya ɗauki nasa katin, ya shiga cikinsu.